Golf: layi ɗaya a kan rairayi ya fi sabuwar sanda amfani ga mai koyo

Duk wanda ya fara riƙe sandar golf ya san wannan takaicin. Bugun farko ya fita tsaf, ƙwallo ya tashi ya miƙe kamar an ja shi da zare, mutum ya ce ai shi ke nan, hannu ya faɗa. Na biyu, da sandar nan dai, a wurin nan dai, sai kanta ya nutse cikin ƙasa, ƙwallo ya gangara taku goma ya tsaya. Na uku kuma ya lanƙwasa dama ya faɗa cikin ƙaya. Mai bugun bai san abin da ya yi daidai a na farko ba, balle ya san abin da ya ɓata a sauran biyun.

Wasan, wanda wasu kafofin Hausa ke kira ƙwallon lambu, ya daɗe da sunan wasan masu hannu da shuni da ma'aikatan jakadanci. Sai dai ƴan Nijar mazauna Turai da Amurka na cin karo da shi a wuraren aiki da makarantu, inda abokan aiki kan gayyaci mutum fili a ƙarshen mako. A birnin Greensboro na Amurka, wanda ƴan Nijar ke da yawa a cikinsa, kowace shekara ana gudanar da gasar ƙwararru ta Wyndham. A gida ma akwai filin Rio Bravo a wajen Yamai, kan hanyar Tilaberi, inda rairayi ya maye gurbin ciyawa, masu wasa kuma kan tafi da ƴar tabarmar ciyawar roba su ɗora ƙwallo a kai.

Wasa ne mai cin kuɗi. Sanduna, ƙwallaye, kuɗin shiga fili, duk sai an taɓa aljihu. Shi ya sa mai koyon da ya kwashe watanni bugunsa bai zauna ba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya sayi sabuwar sanda da fatan ita za ta gyara shi, ko ya jingine jakar gaba ɗaya, wani lokaci har da ciwon baya a matsayin tsaraba. Alhali abin da bincike da tarihin manyan ƴan wasa suka nuna shi ne, daidaiton bugu ya rataya a kan ƴan abubuwa kaɗan, kuma mafi yawansu ana iya gyara su ba tare da an kashe ko dala ba.

Ƙiftawar ido ma ta yi tsawo

Fuskar sanda da ƙwallo suna haɗuwa na kimanin rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan guda. Ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo sau ɗari da ɗoriya. A wannan ɗan taƙin ne ake yanke hukuncin inda ƙwallo zai je, kuma babu ɗan Adam da zai iya gyara wani abu a cikinsa. Duk sauran motsin jiki, daga ɗaga sanda zuwa juya ƙugu, hanya ce kawai ta kawo fuskar sandar wannan mahaɗa.

Abubuwa uku ne ke aiki a wurin. Na farko, inda kan sandar ya taɓa ƙasa: kafin ƙwallo ko bayan ya bar wurin. Na biyu, inda ƙwallon ya sauka a jikin fuskar: tsakiya ko gefe. Na uku, inda fuskar take kallo a lokacin haɗuwar.

Shekaru da dama ana koya wa mutane cewa hanyar da sanda ta biyo ita ke nuna wa ƙwallo inda zai nufa. Na'urar TrackMan, wadda wani kamfanin ƙasar Denmak da aka kafa a 2003 ya ƙera, mai bin sawun sanda da ƙwallo ta hanyar radar, ta taimaka wajen sauya wannan fahimta. Alƙalumanta sun nuna cewa kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na alkiblar da ƙwallo ke ɗauka da farko daga fuskar sanda take fitowa. Lanƙwasar da yake yi a sama kuwa, saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar sandar ne ke haifar da ita.

Lissafin ba shi da wuya. Idan fuskar ta karkace da digiri ɗaya tak, a tazarar mita 200 ƙwallo zai kauce da kusan mita uku da rabi. Digiri uku, wato rabin tazarar da ke tsakanin minti da minti a fuskar agogo, sun isa su kautar da shi kimanin mita goma, kafin ma a lissafa lanƙwasa. Saboda haka mai koyon da ƙwallonsa ke gudu dama, idan ya ƙara juya jikinsa hagu don ya rama, yakan ƙara faɗaɗa saɓanin ne, ƙwallon ya ƙara lanƙwasa. Magani ya koma cuta.

Salon kowa daban

Matasa da yawa suna fara koyo ne daga bidiyon YouTube da TikTok, suna ƙoƙarin kwaikwayon surar jikin wani gwani. Tarihin wasan kuwa cike yake da gwanayen da salonsu bai yi kama da na littafi ba.

Jim Furyk, Ba'amurken da mahaifinsa ne ya koya masa wasan, yana ɗaga sanda a karkace ya zagayo da ita ta wata hanya daban, har masu sharhi suka daɗe suna yi masa ba'a. Shi ne ya lashe gasar US Open a 2003, kuma a watan Agustan 2016 ya gama ramuka 18 da bugu 58, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin gasannin PGA Tour na Amurka.

A Afirka ta Kudu an yi Sewsunker Sewgolum, wanda aka fi sani da Papwa, ɗan asalin Indiya da ya taso yana ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a birnin Durban. Riƙonsa a juye yake: hannun hagu a ƙasan na dama, abin da kusan kowane malamin golf zai hana ɗalibinsa. Da wannan riƙon ya ci gasar ƙasar Holand sau uku, a 1959 da 1960 da 1964, ya kuma ci gasar Natal a 1963 da 1965, inda a ta biyun ya doke Gary Player. A ɗaya daga cikin nasarorin nan, a waje cikin ruwan sama aka miƙa masa kofi, domin dokar wariyar launin fata ba ta ba shi damar shiga zauren kulob ɗin ba.

Ben Hogan, wanda har gobe ake kafa misali da shi wajen daidaiton bugu, shi ma ɗaukar jaka ya fara yi yana ɗan shekara 11 a Fort Worth ta jihar Texas. Ya kwashe kusan shekaru goma yana fama da ƙwallon da ke lanƙwasa masa hagu, kuɗinsa na ƙarewa a hanya, kafin ya ci gasarsa ta farko shi kaɗai a 1940. Ta biyun ma a Greensboro ya ci ta, a cikin watan. A Fabrairun 1949 motarsa ta yi karo da bas, ya kakkarye, amma watanni 16 bayan haka ya lashe US Open. Ya ƙare da manyan kofuna tara. Littafin da ya fitar a 1957 kan ginshiƙan wasan har yanzu ana karanta shi, sai dai malamai na yawan jan hankali a kan abu guda: Hogan ya gina riƙonsa ne don ya hana ƙwallo gudu hagu, alhali ciwon yawancin masu koyo shi ne gudu dama. Wanda ya kwafi riƙon Hogan ido rufe zai iya ƙara wa kansa matsala.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane uku shi ne kowannensu yana kawo fuskar sanda wurin ƙwallo a yanayi iri ɗaya, yau da gobe.

Rairayi ba ya ƙarya

Cikin abubuwa ukun nan, wanda ya fi raba gwani da mai koyo shi ne inda sanda ke taɓa ƙasa. Da sandunan ƙarfe, gwani yakan bugi ƙwallo tukuna, sa'an nan kan sandar ya shafci ƙasa a gaban inda ƙwallon yake. Mai koyo kuwa yana ganin sai ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya ɗebo shi sama kamar da ludayi, don haka yakan jingina nauyinsa a ƙafar baya. Sakamakon haka, ko dai sandar ta caki ƙasa tun kafin ta iso, ko ta riga ta fara tashi ta shafi saman ƙwallon. Kurakuran biyu da ake ganin kishiyoyin juna ne, uwarsu ɗaya. Ɗaga ƙwallo sama aikin kwanciyar fuskar sandar ne, tun daga masana'anta aka yi ta haka.

A nan ne mazaunin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yake da abin da na Paris zai nema da kuɗi. Atisayen da malamai suka fi yarda da shi don wannan matsala rairayi kawai yake buƙata. Mutum ya ja layi miƙaƙƙe a ƙasa, ya tsaya yadda layin zai ratsa tsakiyar ƙafafunsa biyu, ya kaɗa sandar ba tare da ƙwallo ba. Abin nema shi ne tabon da sandar za ta bari ya fara daga kan layin ya nufi gaba. Ya matsa kaɗan, ya sake, har sau goma, sa'an nan ya ƙirga. Mai farawa yakan ga tabon ya warwatsu, wasu a baya da faɗin tafin hannu, wasu ba su taɓa ƙasa ba sam. A hankali jiki da kansa yake gano cewa sai nauyi ya koma ƙafar gaba, hannuwa kuma sun ɗan riga kan sandar, kafin tabon ya dawo inda ake so.

Seve Ballesteros na ƙasar Sifen a irin wannan makaranta ya yi karatu. Yana yaro a ƙauyen Pedreña, a rairayin bakin teku yake atisaye da sanda ɗaya tak, ƙarfe mai lamba 3 da yayansa ya ba shi. Yana da shekara 22 ya lashe gasar Open ta Birtaniya a 1979, ya kuma tara manyan kofuna biyar a rayuwarsa. Ciyawa mai laushi da tabarmar roba sukan rufa wa mai bugu asiri, domin sanda na iya zamewa a kansu ta riski ƙwallo ko da ta sauka da wuri. Rairayi ba ya yin wannan alfarma.

Abu na biyu, wato inda ƙwallo ke sauka a fuskar sanda, shi ma gwajinsa ba ya cin kuɗi. A shafa alli ko hoda a fuskar, a buga, a duba tambarin da ƙwallon ya bari. Bayan bugu biyar mutum zai ga ko wajen baki yake yawan samu ko wajen gindin ƙota, ya gyara tazarar da ke tsakaninsa da ƙwallo.

Tun daga Laraba

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kaso mai yawa na bugun da ya lalace, tun sanda ba ta motsa ba ya lalace, kuma wannan ɓangare ne kaɗai da mai koyo zai iya yin sa daidai da gwani tun ranar farko, domin ba ya buƙatar ƙarfi ko sauri.

Riƙo shi ne kan gaba, tun da hannuwa ne ke juya fuskar sanda. Ga mai amfani da dama, ƙotar tana kwanciya ne a gindin yatsun hannun hagu. Idan ya duba ƙasa ya kamata ya ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun. Wanda ya cusa ƙotar a tsakiyar tafi, ya ga gaɓa ɗaya ko babu, yawanci fuskar sandarsa a buɗe take isowa, ƙwallo ya gudu dama. Sabon riƙo yakan yi wa hannu banbaraƙwai na ƴan makonni, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai saiti. Layin da ƙwallo zai bi da layin da yatsun ƙafa suke kai kamar sawun tayoyin mota ne a kan rairayi: suna tafiya tare, ba sa haɗuwa. Karan dawa guda biyu da aka shimfiɗa a ƙasa sun isa su nuna wa mutum ko a karkace yake tsaye. Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, yakan tsaya a bayan ƙwallo ya zaɓi wani ɗan ganye ko tabo a ƙasa, taku ɗaya ko biyu a gaba, a kan layin da yake so, sa'an nan ya saita fuskar sanda da shi. Saita abu na kusa ya fi saita tutar da ke can nesa sauƙi.

Na ƙarshe, matsayin ƙwallo tsakanin ƙafafu. Gajerun sandunan ƙarfe suna son sa a tsakiya. Babbar sandar bugun farko, mai ƙaton kai, tana son sa a gaba, daura da diddigen ƙafar hagu. Idan yau yana nan gobe yana can, babu yadda za a yi bugu ya zauna.

Darasi daga bakin turmi

Macen da ta ƙware a daka ba ta kokawa da taɓarya. Takan ɗaga ta a natse, ta bar nauyinta ya yi aiki, kuma sautin yana fita da tazara iri ɗaya ko da za ta yi awa guda. Lilon sandar golf haka yake so.

Wani Ba'amurke mai suna John Novosel, da ya ƙirga hotunan bidiyon ƙwararru ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa a 2004 cewa mafi yawansu lokacin da suke ɗauka wajen kai sanda sama ya ninka na saukowa sau uku: kimanin kashi uku cikin huɗu na sakan a tafiya, kashi ɗaya cikin huɗu a dawowa. Wasu na da sauri, wasu a hankali, amma rabon bai cika sauyawa ba. Mai koyo kuwa yakan ja sandar a sanyaye a wannan bugun, ya fizge ta a na gaba, musamman idan ya ga ruwa ko rami a gabansa, ko ido ya yi masa yawa. Ƙirga ɗaya, biyu, uku a tafiya, huɗu a kan ƙwallo, yana taimakawa. Haka ma rage ƙarfi: wanda bai iya tsayawa cak a kan ƙafar gaba na sakan uku bayan bugu ba, ya wuce gejin da jikinsa ke iya sarrafawa. Wannan fizgar, haɗe da fara bugu ba tare da an ɗumama jiki ba, na cikin abubuwan da ke jawo ciwon ƙasan baya, wanda yake kan gaba a raunukan masu wasan.

Yawan bugu ba shi ne koyo ba

A filin atisaye an saba ganin mutum ya zube kwandon ƙwallaye, ya yi ta bugu da sanda ɗaya zuwa wuri ɗaya. Zuwa na talatin hannu ya kama, ya koma gida da murna. Ranar wasa kuma komai ya watse, domin a fili ba a maimaita bugu: kowane da sandarsa, da nisansa, da irin ƙasar da ƙwallo ya kwanta a kai, ga kuma mintuna tsakanin wannan da wancan.

Masana koyon motsin jiki sun daɗe da gano haka. A wani bincike da John Shea da Robyn Morgan suka wallafa a 1979, waɗanda aka cakuɗa musu ayyuka lokacin horo sun fi yin kuskure a ranar, amma da aka sake gwada su daga baya sun fi waɗanda suka yi ta nanata abu ɗaya riƙe abin da suka koya. Ga ɗan golf, ma'anar ita ce ya raba lokacinsa: kashi ɗaya na nanata abu guda da yake gyarawa, kamar layin rairayi, kashi ɗaya kuma na sauya sanda da wurin saiti a kowane ƙwallo, yana bin duk matakan da zai bi a fili.

Binciken Gabriele Wulf, wadda ta koyar a jami'ar Nevada, ya ƙara wani abu: masu koyon da aka ce su sa hankali a kan motsin sandar sun fi waɗanda aka ce su lura da hannuwansu samun daidaito. Tunanin gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu a lokaci guda yana daskarar da jiki. Umarni ɗaya, kamar "shafi ƙasa a gaban layi", ya wadatar.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma abin da mai bugu ke ji yana yi sau da yawa ba shi yake yi ba. Wayar salula na maganin wannan, muddin an kafa ta a wuri ɗaya kullum, a tsayin hannuwa, ko dai ta fuskanci mai bugun ko ta tsaya a bayansa tana kallon inda ƙwallo zai nufa. Zama ɗaya ko biyu da malami ko gogaggen mai ɗaukar jaka, wanda ya ga dubban bugu da idonsa, kan taƙaita wa mutum wahalar watanni.

Gwanaye ma suna kuskure

Da yawa suna barin wasan ne saboda sun ɗora wa kansu mizanin da babu mai cika shi. A gasannin PGA Tour, inda gwanayen duniya suke, kimanin bugun farko shida ne cikin goma ke sauka a tsakiyar hanyar da aka aske wa ciyawa. Cikin ramuka 18, a matsakaici kusan 12 ne suke isa dandalin rami da adadin bugun da aka tsara. Tsarin auna matsayin ƴan wasa na duniya da ya fara aiki a 2020 ma ya san da haka: wasanni takwas mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan yake ɗauka, ya watsar da sauran.

Mark Broadie, farfesa a jami'ar Columbia da ke New York, wanda ya nazarci ɗimbin bugun ƙwararru da na masu sha'awa, ya nuna a littafinsa na 2014 cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin ƴan wasa daga bugun nesa yake fitowa, wanda ya haura kimanin mita 90 daga rami. Ga mai koyo, abin da ke kumbura masa maki shi ne ƴan bugun nan da suka lalace gaba ɗaya: wanda ya caki ƙasa, wanda ya ɓace a daji, wanda ya faɗa ruwa. Duk wanda ya rage su daga goma zuwa biyar a wasa ɗaya ya ci gaba ƙwarai, ko da bugunsa mafi kyau bai ƙara ko mita ɗaya ba.

Don haka ma'aunin da ya dace da mai koyo shi ne ɗan littafi a aljihu: tabo nawa cikin goma suka fara daga kan layi, tambari nawa suka sauka a tsakiyar fuska, ƙwallo nawa suka ɓace a wasan Lahadi. Minti 15 da sassafe kafin rana ta yi zafi, sau uku ko huɗu a mako, a tsakar gida ko a fegin da ke bayan unguwa, sun fi awa uku a rana ɗaya sau ɗaya a wata. Sanda ɗaya ta hannu, ƙarfe mai lamba 7, ta isa a fara da ita. Sauran 13 da doka ta yarda a zuba a jaka za su iya jira sai layin ya fara ba da takwas cikin goma.